Shekara 26, Tu-wan da Zama Ɗaya: Shingayen Aikin Banki a Legas

Duk wanda ya taɓa buɗe sanarwar ɗaukar sabbin ma'aikata ta banki a ƙasar nan ya san layukan da ke zuwa a ƙarshenta, domin kusan kullum su ne dai. Kada shekarun mai nema su haura 26, wani bankin ya ce 27, wani ma ya tsaya a 25. Digiri ya kasance mai daraja ta biyu babba, wanda ɗalibai ke kira tu-wan, sai 'yan ƙalilan da ke karɓar daraja ta biyu ƙarama, wato tu-tu. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya, in an yi sassauci a zama biyu. Sannan takardar gama bautar ƙasa a hannu. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya fi kowa iya aikin, ba zai ga ƙofar ɗakin jarrabawa ba.

Abin ya fi ciwo a Legas saboda a nan aikin yake. Hedikwatar mafi yawan manyan bankuna tana tsakanin Marina da Victoria Island, kuma daga nan ake tsara ɗaukar ma'aikata har na rassan Kano da Sakkwato da Maiduguri. Yaro ya tashi a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, iyayensa sun ƙuntata wa kansu sun tura shi Bayero ko ABU ko LASU, ya gama ya dawo gida. Yana jin Hausa, yana jin Yarbanci, yana jin Turanci da buroka, ya san kasuwar Mile 12 ciki da bai, ya san wa ke sauke tirelar albasa da wa ke karɓar kuɗin. Fom ɗin banki ba shi da gurbin da zai rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abu na farko da ya kamata mai nema ya gane shi ne, a matakin farko ba mutum ne ke duba takardunsa ba. Kana shiga shafin, za ka cika suna, ranar haihuwa, makaranta, darajar digiri, shekarar kammalawa da lambar takardar bautar ƙasa. An riga an saita manhajar: in ranar haihuwa ta nuna ka haura iyakar shekarun da aka sa, ko da wata ɗaya ne, sunanka ya fita daga jerin. Wani shafin ma ba zai bari ka kai shafi na biyu ba. Wani kuma zai karɓi komai, ya turo maka saƙon godiya ta imel, daga nan shiru. Shi ya sa dogon bayanin da mutum ya ɓata dare yana tsarawa a takardar tarihin karatunsa bai taɓa isa idon kowa ba.

Sharaɗin shekaru shi ne wanda ya fi cutarwa, kuma lissafinsa a bayyane yake. A ɗauki yaron da bai taɓa maimaita aji ba. Ya shiga firamare yana da shekara 6, ya yi shida, ya yi shida a sakandare, ya fito yana 18. Ya rubuta JAMB bai samu gurbi ba a karon farko, wanda ba abin mamaki ba ne ga masu neman jami'ar gwamnati, sai ya sake, ko ya tafi share fage ko IJMB na shekara guda. Ya shiga aji ɗaya yana 19. In kwas ɗin na shekara huɗu ne, a takarda zai fito yana 23. To amma wanda ya shiga jami'ar gwamnati a wajen 2019 ya ci karo da yajin aikin ASUU na 2020, daga Maris har Disamba, wata tara ke nan, ga kullen korona a kai. Bai gama farfaɗowa ba aka shiga na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wata goma sha bakwai ke nan yana zaune a gida ba da laifinsa ba. Ya gama yana kusan 25. Sai jiran majalisar jami'a ta amince da sakamako, sai jiran a tura suna hukumar NYSC, sai jiran rukunin da za a saka shi, wanda duk a haɗe kan ci watanni da dama. Bautar ƙasa shekara ɗaya ce. Ranar da ya karɓi takardarsa ya riga ya kai 26 ko ya taka 27. Bankin da yake so kuwa wataƙila sau ɗaya yake buɗe ƙofa a shekara.

Wannan fa yaron da komai ya tafi masa daidai ke nan. In injiniya ya karanta ko noma ko lauya, shekara biyar ce, a ƙara ɗaya. In kuma irin 'ya'yanmu ne da yawa waɗanda sai da suka yi nisa a allo kafin a kai su boko suna da shekara 8 ko 9, ko wanda ya tsaya shekara guda yana taya mahaifinsa zaman shago don a tara kuɗin rajista, ko yarinyar da aka yi wa aure tana aji biyu ta jingine zango ɗaya saboda haihuwa, to tun kafin ya sa rigar bautar ƙasa an riga an rufe masa ƙofa. Shi kuwa ɗan jami'ar kuɗi, ya shiga yana 16, babu yajin aiki, ya fito yana 20, ya gama hidima yana 21 ko 22, yana da shekara huɗu ko biyar na gwada sa'a. A ganina wannan sharaɗi ba ƙwaƙwalwa yake aunawa ba, aljihun uba yake aunawa, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka a fili.

Gwamnati da kanta ta san ɗalibai na daɗewa. Dokar NYSC, wadda aka kafa a 1973 zamanin Janar Gowon, tana tura duk wanda ya gama digiri bai haura 30 ba, sai wanda ya wuce haka ake ba takardar yafewa. Ƙasa na kallonka a matsayin matashi har 30, banki na cewa ka tsufa tun kana 27.

Sai maganar daraja. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'i ke amfani da shi, tu-wan na farawa daga 3.50 zuwa 4.49, tu-tu daga 2.40 zuwa 3.49. Mai 3.49 da mai 3.50 bambancinsu bai kai na kwas ɗaya da aka samu C maimakon B ba, amma ɗaya zai shiga jarrabawa, ɗaya ba zai shiga ba. Kuma kowa ya san sassa ba ɗaya ba ne: akwai sashen da 3.3 a cikinsa sai an yi gumi, akwai inda tu-wan ba wuya. Manhajar ba ta san wannan ba. Masu HND, wato babbar difloma, nasu ya fi muni. Sun yi shekara biyu a ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, wadda da yawansu ma a banki suka yi ta, sannan shekara biyu a HND, biyar ke nan. Wasu bankunan na karɓarsu in suna da babban kiredit, wato daga 3.00 a ma'aunin maki 4, wasu kuwa ba sa saka HND a jerin zaɓi kwata-kwata. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin dokar kawar da wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba.

Zama ɗaya kuwa ban ga abin da yake tabbatarwa ba. Mutum ya faɗi lissafi yana ɗan shekara 17 a makarantar da wataƙila babu malamin lissafi, ya gyara a shekara ta gaba, ya je jami'a ya fito da tu-wan a akanta. A ce wannan tsohon tuntuɓen ne zai hana shi zama a kan kanta.

Bankunan na da hujjarsu, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Masu nema sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba, tace su ɗaya bayan ɗaya kuɗi ne da lokaci, don haka suna neman rariyar da za ta rage taron cikin minti ɗaya. Suna kuma son wanda za su horar tun yana ɗanye, ya daɗe yana musu aiki, ya jure fita tun asuba da dawowa bayan isha'i. Na fahimci wannan. Sai dai tunda dama akwai jarrabawar gwaji, kuma a kwamfuta ake yinta, kuma na'ura ce ke ba da maki, ƙara mutum dubu a kanta ba shi ne zai karya banki ba. A bar jarrabawa ta yi tacewar.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga wanda ke kan layi. Kada ka rage shekaru. Na san ana yi, na san akwai masu ba da shawarar a je kotu a yi rantsuwar haihuwa a zabtare biyu ko uku. A da abin na wucewa. Yanzu ranar haihuwarka tana rubuce a wurare da yawa da ba ka da iko da su: rajistar WAEC, rajistar JAMB, fayil ɗinka na jami'a, NYSC, lambar NIN, da BVN wadda aka fara a 2014 kuma bankunan ne da kansu ke riƙe da ita. Kafin a ba ka takardar tabbatar da aiki, ana binciken takardu, sau da yawa ta hannun wani kamfani daban da ke tuntuɓar makarantarka. In aka ga 1998 a nan, 2000 a can, magana ta ƙare, kuma ba kamar wanda aka ƙi ɗauka ba, a matsayin wanda ya yi ƙarya a takarda. A harkar da gaba ɗayanta amana ce, wannan tabon ba ya gogewa da sauƙi, kuma ana iya gano shi bayan mutum ya shekara biyu yana aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai kuma matsalar da ta fi kama mu Hausawa fiye da kowa, kuma babu ƙarya a cikinta, wato saɓanin suna. A WAEC an rubuta Mohammed, a digiri Muhammad, a NIN Muhammed. A firamare an sa sunan uba, a sakandare an ƙara sunan gari, a jami'a an juya na farko ya koma na ƙarshe. Abubakar ya zama Garba a wata takardar, Aishatu ta zama Aisha. A gida duk mutum ɗaya ne, a wurin mai tantancewa mutum uku ne. Haka ranar haihuwa: da yawa ba a yi musu rajistar haihuwa ba, malamin makaranta ne ya ga dama ya rubuta 1 ga Janairu, shi kuma yaron da ya girma ya tambayi mahaifiyarsa ya sa ta gaskiya a BVN. Gyaran wannan sai an fara da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka shimfiɗa takardunka duka a tabarma, ka ɗauki biro ka rubuta yadda suna da ranar haihuwa suka fito a kowacce. Ka ɗauki na WAEC a matsayin tushe, domin ita ce ta fi wuyar canzawa kuma ita ake komawa gare ta. Abin da ya saɓa a NIN ka gyara ta hukumar NIMC, na BVN a bankinka. In bambancin harafi ne ko jerin suna, ka yi rantsuwa a babbar kotu cewa duk sunayen naka ne, ka buga a jarida, ka ajiye shafin jaridar gaba ɗaya da kwanan watansa, ba yankakken gefe ba. Wanda ba shi da takardar haihuwa, ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa na ba da takardar shaida ga manya.

Wajen cika fom ma ana yin asara a kan ƙananan abubuwa. Kada ka bar mai kafe ya cika maka da imel ɗinsa ko lambar wayarsa, domin gayyatar jarrabawa kan zo ne kwana biyu ko uku kafin ranar, wani lokaci ta faɗa akwatin tarkacen saƙonni. Ka buɗe imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ka riƙa duba shi safe da yamma. Ka ɗauki hoton takardunka da kyau, ka rage nauyinsu yadda shafin ya nema, don fayil mai nauyi kan maƙale mutum ya ɗauka ya tura alhali bai tafi ba. Kada ka cika sau biyu da imel daban-daban, ana soke irin wannan. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom, ko kuɗin gwajin lafiya, ko na saka sunanka a jeri, ɗan damfara ne. Banki ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki.

Jarrabawar gwajin ba ilimin jami'a take tambaya ba. Lissafin sakandare ne da Turanci da gane tsarin zane-zane, sai dai lokaci ne ke kashe mutane, domin da wuya ka samu fiye da minti ɗaya a kan tambaya, kuma sau da yawa ba a yarda da kalkuleta. Irin su: an sayi kaya naira 8,000 an sayar 10,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Amsa 25, amma mai gaggawa zai raba da 10,000 ya ce 20, kuma 20 ɗin na nan cikin zaɓin tana jiransa. Ko an ajiye 100,000 da ruwa kashi 10 mai hauhawa na shekara biyu, amsa 121,000 ce ba 120,000 ba. Sai jadawali da zanen ƙididdiga da za ka ciro amsa daga ciki. Maganin wannan atisaye ne da agogo a gabanka, kullum, na aƙalla wata guda, kana koyon tsallake tambayar da ta riƙe ka. In a gida za ka rubuta ta intanet, kyamara na kallonka: ƙaninka ya gifta ta bayanka, ko ka buɗe wani shafi, ko ka riƙa kallon gefe, ana iya soke ka. Ka cika cajin kwamfuta, ka tanadi layin data na biyu na wani kamfani, ka samu ɗaki mai ƙofa, kada ka dogara da wutar NEPA. In kuma a zaure za a yi a cikin Island da ƙarfe takwas, daga Agege sai ka fita da an sallame asuba, ko ta jirgin ƙasa zuwa Oyingbo ko ta Oshodi zuwa Obalende, domin cunkoson gadar Third Mainland ba ya jin uzuri, mai gadin ƙofa ma haka. Ka riƙe takardun asali da kwafi biyu-biyu, da hotunan fasfo, da katin shaida.

Bayan nan akwai tattaunawar rukuni, da intabiyu, da gwajin lafiya, da masu tsaya maka, sannan makarantar horaswa ta 'yan watanni wadda ita ma ana faɗuwa a cikinta. Ka karanta takardar yarjejeniya da kyau kafin ka sa hannu, domin wasu na ɗaure ka da shekaru, in ka tafi kafin lokaci ka biya kuɗin horaswa.

Wanda shekaru ko daraja suka hana fa? Hanyar da aka fi nuna masa ita ce kwantiragi. Da yawa daga cikin kashiyoyin da kake gani a kan kanta da masu yawon buɗe wa mutane asusu ba ma'aikatan bankin ba ne, wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke su ya kawo. Suna sa kaya iri ɗaya, suna tashi lokaci ɗaya, ana ɗora musu adadin ajiyar da za su kawo kowane wata, amma albashi da ƙarin girma da haƙƙoƙi ba ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban ce kada a karɓa ba, mai iyali ba ya zama jiran abin da babu tabbas. Amma kafin ka shiga ka yi tambaya ɗaya: akwai hanyar mayar da ɗan kwantiragi cikakken ma'aikaci, kuma ita ma tana da iyakar shekaru? In tana da shi, ka san cewa gogewa ka je nema, ka sa wa kanka wa'adi.

Hanyar da ta fi dorewa ita ce ka zagaye ƙofar sabbin shiga gaba ɗaya. Iyakar shekaru a kan masu farawa take da ƙarfi, ɗaukar gogaggu kuwa abin da ka iya ake tambaya. Shekara biyu ko uku a ƙaramin bankin ba da rance, ko kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya, ko ofishin binciken kuɗi, tare da jarrabawar ƙwararru ta ICAN ta akantoci ko ta CIBN ta ma'aikatan banki, na iya kai mutum inda fom ɗin farko ya hana shi. Wasu bankunan ma na ɗaga iyakar shekaru kaɗan ga mai digiri na biyu ko takardar ƙwararru, sai a karanta sanarwar har ƙasa. Ga wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da harkar kuɗin ruwa ba, akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, kuma sanin fiƙihun ciniki, murabaha da ijara da mudaraba, abu ne da ke da daraja a wurinsu.

Ta fuskar doka, sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba. A watan Yulin 2023 Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri da Sanata Abba Moro na Binuwai ya gabatar, tana kira da a daina sa iyakar shekaru a sanarwar ɗaukar aiki. Ƙuduri kira ne, ba doka ba ce, shi ya sa sanarwar ba ta canza ba.

Gyaran da nake ganin ba zai ci wa bankuna komai ba shi ne a daina ƙirga daga ranar haihuwa, a koma ƙirga daga ranar da ke jikin takardar bautar ƙasa. A ce duk wanda bai wuce shekara uku da gama hidima ba zai iya nema. Da wannan sun samu ɗanyen ma'aikacin da suke so, ɗan jami'ar gwamnati da ɗan jami'ar kuɗi sun tashi daga layi ɗaya. A buɗe jarrabawa ga mai tu-tu da mai HND, a sa makin cin ya yi tsauri yadda suka ga dama. Kuma manyanmu na kasuwa suna da bakin magana a nan fiye da yadda suke zato. Dillalan Mile 12, da masu shanu na Oko-Oba, da 'yan canji, su ne manajojin rassa ke bi har rumfa suna Alhaji a taimaka da ajiya kafin ƙarshen wata. Ranar da manaja ya zo, Alhaji na iya tambayarsa yara nawa daga unguwar nan bankinsu ya gayyata jarrabawa bana, kuma me ya hana sauran.